Yadda ake zaɓen kayan haɗa kwamfutar tebur ta ɗalibi da kuɗi kaɗan

Kafin ka sayi ko da noti ɗaya, ka ɗauki takarda da biro ka zauna da ɗalibin da zai yi aiki da kwamfutar. Idan kai ne ɗalibin, ka zauna da kanka. Ku rubuta sunayen manhajojin da karatun nasa yake buƙata, ɗaya bayan ɗaya. Mai karatun shari'a ko tarihi ko aikin jinya abin da zai wuni yana yi shi ne rubutu, karanta takardun PDF, buɗe shafuka da yawa a burauza, da shiga darasi ta bidiyo. Mai koyon rubuta manhaja zai ƙara da kayan aikinsa, wataƙila har ya riƙa kunna wata kwamfuta ta gwaji a cikin tasa. Mai karatun injiniya ko zanen gine-gine zai kira maka AutoCAD ko SolidWorks ko Blender. Wannan takardar ita ce za ta yanke hukunci a kan kowane kaya da za ka saya, domin mafi yawan kuɗin da ake asara a harkar nan ana asararsu ne wajen sayen ƙarfin da ba za a taɓa amfani da shi ba, a kuma tsuke hannu a wurin da za a ji jiki kullum.

A ƙasan takardar ka rubuta iyakar kuɗin da ke hannunka, sannan nan take ka cire na monita, kibod da linzami. Mutane da yawa sai sun gama cika akwatin kwamfutar da kaya suke tunawa ba su da abin da za su kalla.

Mataki na farko: furosesa

Da furosesa ake farawa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta mai gudanar da kowane aiki, domin ita ke nuna irin madabod ɗin da za a saya, wato babban allon da ake jona sauran kaya a jikinsa. Madabod kuma shi ke nuna irin RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke shimfiɗa aikin da take yi a kai. Kamfanoni biyu ne a kasuwa, Intel da AMD, kuma kada ka bari gardamar magoya bayansu ta ɗauke maka hankali. Dukansu suna da kaya masu kyau a ƙaramin farashi.

Shawarar da ta fi kowacce rage kashe kuɗi ita ce ka zaɓi furosesa mai ɗauke da sashen hoto a cikinta, wato ɓangaren da ke fitar da hoto zuwa monita. Da irin wannan ba ka buƙatar katin hoto na daban, wanda sau da yawa shi ne kaya mafi tsada a cikin akwati. Harafin da ke ƙarshen sunan furosesa shi zai gaya maka. A wajen Intel, duk wadda sunanta ya ƙare da F ba ta da sashen hoto: Core i3-12100 tana da shi, Core i3-12100F ba ta da shi, kuma idan ka haɗa da ita babu kati, kwamfutar za ta tashi amma monita zai zauna baƙi ƙirin. A wajen AMD, a jerin Ryzen 5000, harafin G ne alamar akwai hoto. Ryzen 5 5600G tana da shi, Ryzen 5 5600 da 5500 ba su da shi. Sunayen sun yi kama ƙwarai, mai F ɗin ma ta fi araha, shi ya sa ake yawan faɗawa wannan rami. Ka karanta sunan har harafin ƙarshe, a jikin kwalin, ba a bakin mai sayarwa ba.

Ga ɗalibin da aikinsa rubutu ne da bincike, i3-12100 ta ishe shi. Ta fito a farkon 2022, tana da ƙwayoyin aiki huɗu masu sauri, wato sassan cikinta da ke raba aiki a tsakaninsu. Ni dai na fi karkata ga 5600G, wadda ta shigo kasuwa a 2021: ƙwayoyin aikinta shida, sashen hotonta ya fi na waccan ƙarfi nesa ba kusa ba, har yana iya ɗaukar zane mai sauƙi, gyaran bidiyo marar nauyi da wasannin da ba su da yawan buƙata. Idan kuɗin ya ɗan saki, Core i5-12400 ita ma ƙwayoyi shida ce. Dukansu ukun, idan a kwalinsu na kamfani suke, suna zuwa da fankar sanyaya, kuma fankar ta wadatar. Ba sai ka sayi wata ba.

Akwai wani abin dubawa da ya shafi gobe. Soket ɗin AM4, wato mazaunin da ke jikin madabod wanda 5600G ke zama a kai, tun 2016 yake, ya tsufa, kuma sabbin jerin furosesa na AMD sun koma AM5 da ya fito a 2022. Idan ka hau AM5, misali da Ryzen 5 8600G, ƙofar canza furosesa nan gaba a buɗe take, amma madabod ɗinsa ya fi tsada kuma sabon nau'in RAM mai suna DDR5 kaɗai yake karɓa. Ga mai ƙidaya kuɗinsa, ba na ganin laifin zama a AM4. Ɗalibi shekara huɗu ko biyar zai yi, kuma furosesa mai ƙwayoyi shida za ta kai shi ƙarshen karatu ba tare da ta gaza ba.

Idan kayan hannu za ka saya, ka kula da shekarun furosesar. Windows 11 a hukumance ba ya karɓar abin da ya gaza jeri na 8 na Intel ko Ryzen 2000, yana kuma neman wani sashen tsaro mai suna TPM 2.0. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 na gama-gari a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Tsohuwar i7 ta jeri na 4 tana iya burge ka da suna, amma sabuwar i3 ta fi ta gudu, ta kuma fi ta tsawon rai.

Mataki na biyu: madabod

Madabod ba ya ƙara wa kwamfuta gudu. Aikinsa ya haɗa kaya wuri ɗaya ya ba kowa wuta da hanya. Saboda haka a nan ana neman dacewa ne, ba ƙawa ba.

Abu na farko, soket ya zo daidai: LGA1700 ga Intel jeri na 12 zuwa 14, inda i3-12100 da i5-12400 suke, AM4 ga 5600G. Na biyu, cifset, wato ɗan guntun da ke jikin madabod wanda ke nuna ajinsa da abin da zai iya ɗauka. A ɓangaren Intel, H610 shi ne mai araha, B660 da B760 na sama da shi. A AM4 akwai A520, B450 da B550. Mai araha yana aiki lafiya, sai dai a mafi yawan lokuta gurbin RAM biyu ne kawai a jikinsa, da gurbin M.2 ɗaya, inda ake saka ma'ajiyar fayiloli. Idan bambancin kuɗin ba shi da yawa, ka ɗauki mai gurbin RAM huɗu, domin ranar da ɗalibi zai buƙaci ƙari sai dai a cusa, ba sai an cire na da an ajiye ba.

Ka kula da B450 musamman. Ya riga Ryzen 5000 fitowa, don haka wanda ya daɗe a ajiye zai iya ƙin tashi da 5600G har sai an sabunta masa BIOS, ƙaramar manhajar cikin madabod da ke tayar da kwamfuta. Wasu madabod suna da maɓalli a baya da ake yin wannan sabuntawa da filas ko babu furosesa a kai, wasu kuwa sai an aro tsohuwar furosesa. Ka duba kwalin ko akwai alamar ya shirya wa Ryzen 5000, ko kuma ka shiga shafin kamfanin ka ga jerin furosesar da yake karɓa. Madabod na LGA1700 kuma iri biyu ne, mai DDR4 da mai DDR5, ba ya haɗa biyun. Sandunan sun yi kama da juna a ido, amma tsagar da ke ƙasansu ba wuri ɗaya take ba, kuma ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya ko da an danna da ƙarfi.

Wajen girma, microATX, mai milimita 244 a kowane gefe, shi ne abokin mai ƙaramin ƙarfi. ATX ya fi shi tsawo, milimita 305, da gurabun da ɗalibi ba zai cika ba. Mini-ITX ƙarami ne, 170 kacal, amma ƙanƙantarsa kuɗi ce.

Daga nan ka juya bayansa ka ƙirga kafofi. Akwai HDMI ko DisplayPort da ya dace da monitan da za ka saya? USB nawa ne? Sannan wani abin da masu fitowa daga laftof suke mantawa: yawancin madabod masu araha ba su da Wi-Fi ko Bluetooth. Idan ba za a ja wayar intanet zuwa teburin ba, ko dai ka sayi madabod mai Wi-Fi, ko ka ƙara ɗan kati ko ɗan maƙalallen USB.

Mataki na uku: RAM

A nan nake so ka tsaya, domin a nan ɗalibi zai fi jin bambanci a kowace rana. Windows 11 yana cewa giga 4 ta isa ya tashi, kuma gaskiya ne zai tashi, amma ba zai yi aiki mai daɗi ba. Giga 8 tana ɗaukar aiki har lokacin da aka buɗe shafuka ashirin, ga takardar rubutu, ga darasin bidiyo yana tafiya. Daga nan sai kwamfuta ta fara jan ƙafa, ɗalibi ya ɗauka furosesa ce ba ta da ƙarfi, alhali wurin shimfiɗa aiki ne ya ƙare. Giga 16 ita ce abin da nake ba kowa shawara. Mai kunna kwamfutocin gwaji ko mai manyan zane shi ne zai yi tunanin 32.

Yadda aka raba gigar ma yana da muhimmanci. Ka sayi sanda biyu masu giga 8-8 a kwali ɗaya, kada ka sayi sanda ɗaya mai 16. Da sanda biyu furosesa tana ɗebo bayanai ta hanya biyu a lokaci guda, faɗin hanyar ya ninka. Ga wanda ya dogara da sashen hoto na cikin furosesa wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin sashen ba shi da ma'ajiyar kansa, daga RAM ɗin nan yake ara. Sanda ɗaya tana shaƙe shi, ka biya kuɗin 5600G amma ka samu abin da bai kai ta ba. Idan gurbi huɗu ne a madabod, sandunan biyu ba a jere suke zama ba. A mafi yawan madabod gurbi na biyu da na huɗu ne idan ka fara ƙirga daga wajen furosesa, waɗanda aka rubuta wa A2 da B2. Littafin madabod zai tabbatar maka.

Gudun DDR4-3200 ya yi daidai da duka furosesar da na ambata na AM4 da LGA1700. Ka tabbata na kwamfutar tebur ne, dogayen nan, ba gajerun SO-DIMM na laftof ba. Fitilu masu launi a jikin RAM ba sa ƙara komai sai farashi.

Mataki na huɗu: ma'ajiya

SSD, wato ma'ajiyar fayiloli marar faifai mai juyawa, babu wata magana. Faifai mai juyawa, HDD, a mafi kyawun halinsa yana kawo abin da bai kai megabait 300 a daƙiƙa ba, kuma wajen neman ƙananan fayiloli a warwatse, wanda shi ne aikin Windows na kullum, yana da nawa sosai. SSD iri biyu ne: mai tsohuwar mahaɗa ta SATA yana kai wajen 550, NVMe kuwa, wanda ke bin hanya mai sauri ta PCIe, yana kai wajen 3,500 a PCIe 3.0, a PCIe 4.0 kuma har 7,000. Amma kada lambobin nan su ruɗe ka. Babban tsalle shi ne daga HDD zuwa kowane irin SSD. Daga 3,500 zuwa 7,000 mai rubuta aikin makaranta ba zai lura ba, kuma 5600G ma PCIe 3.0 ce iyakarta, ko ka saka mai 4.0 a gudun 3.0 zai tafi.

Ka nemi NVMe mai girman M.2 2280, wato faɗin milimita 22 da tsawon 80, wanda ake kwantarwa a jikin madabod babu waya ko ɗaya. Giga 500 ita ce mafi ƙaranci da zan yarda da ita. Tera 1 ta fi kwanciyar hankali, musamman ga mai sauke darussan bidiyo. Ka tsaya ga kamfanonin da aka sani, irin su Samsung, Western Digital ko Kingston. Idan ka ga ma'ajiya mai girman gaske a farashin da hankali ba zai ɗauka ba, ka bar ta, domin akwai na jabu da ke nuna girman ƙarya, sai an cika su a tarar fayiloli sun lalace. A cikin wannan ɗan abu ne aikin kammala karatu zai kwana.

Mataki na biyar: na'urar ba da wuta

Idan akwai wuri ɗaya da zan roƙe ka kada ka bi araha, nan ne. Araha ba ta ado, a nan kuma har ɓarna take yi. Furosesa mai rauni jinkiri kawai za ta jawo, amma na'urar wuta marar kyau idan za ta mutu tana iya tafiya da madabod da SSD gaba ɗaya. Ita ce ke karɓar wutar bango ta mayar da ita bolt 12, 5 da 3.3 da kayan ciki ke sha, kuma ita ce ya kamata ta yanke wuta idan wani abu ya kuskure.

Lissafin ba shi da wuya. 5600G an ƙiyasta ta a wat 65, i3-12100 kuma tana kai 89 idan ta ɗauki nauyi sosai. Ka haɗa da sauran kaya, kwamfutar da ba ta da katin hoto da wuya ta kai wat 150. Na'ura mai wat 450 zuwa 550 ta wadatar, har da sararin ƙara matsakaicin katin hoto daga baya. Mai wat 500 ta kamfani nagari ta fi mai rubutun 800 wadda ba a san asalinta ba, domin rubutu a jikin kwali ba shi da tsada.

Za ka ga tambarin 80 PLUS. Ma'anarsa na'urar tana isar da aƙalla kashi 80 cikin ɗari na wutar da ta ja, sauran ya tafi a zafi. Bronze da Gold matakai ne na sama da haka. Tambarin yana auna tattalin wuta ne kawai, ba ingancin kayan ciki ba, don haka ka haɗa shi da wasu shaidu biyu: sunan kamfani, kamar Seasonic, Corsair ko be quiet!, da tsawon garanti. Kamfanin da ya ba da shekara biyar ya yarda da abin da ya ƙera. Na'urar da ake bayarwa kyauta a cikin akwati mai araha, wadda idan ka ɗaga ta ka ji ta sakayau, ka cire ta ka ajiye. Idan kuma wuta tana yawan ɗaukewa ko hawa da sauka a inda ɗalibin yake, ka sa UPS, na'urar mai batir da ke riƙe kwamfuta na ɗan lokaci idan wuta ta ɗauke, a cikin lissafi tun yanzu. Kwamfutar tebur ba ta da batir, wuta na ɗaukewa abin da ba a adana ba ya tafi.

Mataki na shida: akwati

Ya ɗauki girman madabod ɗinka, gabansa ya kasance mai raga da iska za ta shiga, ya zo da fanka ko da ɗaya, da USB a gaba. Shi ke nan. Gilashi da fitilu sai kuɗi ya yi saura.

Mataki na bakwai: monita da abin da hannu ke taɓawa

Duk abin da muka lissafa a baya yana cikin akwati a ƙarƙashin tebur. Monita kuwa shi ɗalibi zai zuba wa ido sa'o'i da yawa kowace rana har shekaru. Inci 24 mai ɗigon hoto 1920 a faɗi da 1080 a tsaye shi ne daidai: ana iya buɗe littafi a rabi, rubutu a rabi. Ka nemi allon IPS, domin launinsa ba ya canzawa idan an kalle shi ta gefe, rubutu kuma yana fita tas. Wanda ake iya ɗagawa da saukewa yana hutar da wuya. Monita yakan fi kwamfutar da aka saye shi dominta daɗewa, don haka abin da ka ƙara a kansa ba asara ba ne. Kibod da linzami masu waya na gama-gari sun isa. Idan akwai darasi ta intanet, ka tuna da kyamara da abin sa wa a kunne mai makirfo, domin kwamfutar tebur ba ta zuwa da su.

Maganar katin hoto

Ka koma kan takardar farko. Idan babu zanen 3D mai nauyi, babu gyaran bidiyo mai yawa, babu aikin da ke neman CUDA, wata fasahar yin lissafi da katin hoto wadda katunan kamfanin Nvidia kaɗai ke da ita, to ka bar katin. Ko da akwai su, sau da yawa sai shekara ta biyu ko ta uku ake isa wurin. Ka haɗa kwamfutar yanzu da sashen hoto na ciki, gurbin katin yana nan yana jira, na'urar wutar da ka zaɓa kuma za ta ɗauka.

Sabo ko na hannu

Furosesa da RAM ba su cika lalacewa ba, ana iya sayensu na hannu idan an gwada a gabanka. Akwati da monita ma haka, sai dai ka buɗe farin shafi da baƙi a monitan ka duba ko akwai ɗigo ko tabo. A furosesar AM4 alluran suna jikinta, ka ɗaga ta a haske ka ga babu wadda ta lanƙwashe. A LGA1700 da AM5 alluran suna cikin soket ɗin madabod, can za ka duba. SSD na hannu sai ka buɗe shi da CrystalDiskInfo ka ga lafiyarsa da sa'o'in da ya yi yana aiki. Na'urar wuta kuwa sabuwa kawai.

Tsofaffin kwamfutocin ofis, irin su Dell OptiPlex da Lenovo ThinkCentre, hanya ce mai kyau ga wanda kuɗinsa ya yi ƙasa ƙwarai: a sayi mai jeri na 8 ko sama, a ƙara RAM da SSD. Sai dai da yawansu madabod da na'urar wutarsu ƙirar kamfanin ce ta musamman, canza su daga baya yana da wahala.

Mataki na ƙarshe: tantancewa kafin biya, gwaji bayan haɗawa

Ka shigar da jerin kayanka a shafin PCPartPicker. Zai nuna maka idan soket bai dace ba, ko RAM ɗin ba irinsa ba ne, ko ana buƙatar sabunta BIOS. Idan da hali ka sayi kayan a lokaci ɗaya ko kusa da juna, domin idan ka tara su wata-wata, lokacin mayar da wanda ya zo da matsala zai wuce kafin ka gano.

Ranar haɗawa, ka ɗora madabod a kan kwalinsa, ka saka furosesa kana daidaita ɗan kusurwar zinare da ke jikinta da alamar soket, ba tare da dannawa ba. Ka saka fanka, RAM da SSD, ka jona babbar waya mai allura 24 da ta furosesa mai 8, ka kunna tun kafin a shiga akwati. Wayar monita a bayan madabod take shiga idan babu katin hoto, idan kuwa akwai kati a jikinsa za ta shiga. Kunnawar farko takan ɗan jima, musamman da DDR5, ka ba ta 'yan mintuna. Idan hoto ya fito, ka danna Delete ko F2 ka shiga BIOS, ka tabbata giga 16 ta bayyana cif, SSD ma an gan shi, sannan ka kunna XMP, saitin da ke sa RAM ya yi cikakken gudunsa, wanda wasu madabod ke kira DOCP ko EXPO. Idan ba ka kunna ba, RAM mai 3200 zai iya zama yana tafiya a 2133 ko 2400 ba tare da kowa ya sani ba.

Filas mai giga 8 ta isa a ɗora Windows daga shafin Microsoft. Idan manhajojin da ke takardar suna aiki a Linux, Ubuntu da Linux Mint kyauta ne, sai dai SolidWorks da wasu irinsa Windows suke nema. Bayan an gama, ka bar MemTest86 ya kwana yana gwada RAM, ka duba zafin furosesa da HWMonitor yayin da take aiki, ka kuma tattara kwalaye, rasit da ragowar notuna wuri ɗaya har garanti ya ƙare.